Cokalin da Aka Ba Ni a Gidan Kawu

Tun kafin a fara kwas ɗin na sayi littafin rubutu mai bango mai tauri, wanda ko an zauna a kansa ba ya lanƙwashewa. Mahaifina tela ne a kasuwar Zuru, sai na matsa masa ya ɗinka mini 'yar shara mai aljihu shida, irin ta 'yan jaridar da muke gani a talabijin. Ya ɗinka. Sai da ya miƙo mini ya tambaye ni ko farauta zan soma. A ganina tela bai san inda ilimi ya dosa ba.

Shekarata ta biyu ke nan a kwaleji, ina koyon aikin malamin gona. A jerin darussan zangon aka rubuta cewa akwai wani da za a koya mana yadda ake lura da al'adun mutane a kuma rubuta su. Ni fa tun daga ranar na gama tsara komai a kaina. Za a ɗebe mu a motar makaranta a hau da mu duwatsu, tsofaffi su zaunar da mu su buɗe mana asiran da ba su taɓa gaya wa kowa ba. Za mu ga kokawa, mu ga rawa, mu ga tukwanen da ake kifawa a kan kaburbura. Ni kuma in rubuta, wata rana a karanta a rediyo a ce ga abin da wane ya gano. Ban san cewa kwas ɗin zai ci mini gurbina a gidan kawuna ba, gurbin da na tashi na tarar da shi ban kuma taɓa zaton yana iya gushewa ba.

Malamar da ke koyar da mu gajeruwa ce, mai tabarau, ba ta rabuwa da jan biro. Ranar farko wani ya tambaye ta yaushe za a fara fita da mota. Ta ce makaranta ba ta da motar da za ta ba mu, kuma ko da akwai ba inda za ta kai mu. Aikin farko da ta ba mu shi ne kowa ya je ya zauna awa ɗaya a wani wuri cikin gari, ya rubuta abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji, kada ya ƙara gishiri. Raina ya ɓaci. A ce mutum ya sa riga mai aljihu shida ya je ya zauna a bakin famfo yana kallon masu ɗiban ruwa?

Na tafi tashar mota, na cika shafi uku a kan halin direbobi, na ce mafaɗata ne, ba su da haƙuri, ba sa ganin girman kowa. Takardar ta dawo mini ja-wur. A gefen kowace magana ta rubuta tambaya ɗaya tal: "Wa ya gaya maka?" Na ƙirga, sau goma sha ɗaya ta rubuta. Na ce a raina matar nan ba ta taɓa shiga motar haya ba. Abin da kowa ya sani a garin nan, sai an kawo shaida?

A mako na uku ta faɗi wata magana da na rubuta a shafi na biyu na littafina, har yau tana nan da rubutun hannuna. Ta ce, "Ban ce ku je ku kalli mutane kamar kuna kallon ƙwallo ba. Ku zauna da su, abin da suke yi ku sa hannu ku yi, sannan ku rubuta." Na rubuta ne kawai don na ga kowa yana rubutawa. Na ɗauke ta irin maganar da malamai kan yi don a cika awa.

Daga nan ta ba da babban aikin, wanda rabin makin kwas ɗin yake kansa. Kowa ya zaɓi wasu mutane, ya ziyarce su aƙalla sau huɗu, ya rubuta yadda suke gudanar da wani abu guda na rayuwarsu. Abokan karatuna suka shiga zaɓen maƙera, da matan Fulani masu tallar nono, da 'yan kabu-kabu masu haya da mashin. Na yi musu dariya har da riƙe ciki. Ni abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki, don ina da ƙauyen Manga.

Inna, mahaifiyata, 'yar Manga ce. Da za ta auri mahaifina ta musulunta ta dawo cikin gari, amma yayanta, wanda muke kira Kawu, yana can da iyalinsa, suna noman dawa suna zuwa coci. Duk hutun makaranta Inna takan tura ni can. Idan muka je da mahaifina aka kama mana kaza, Kawu yakan miƙa masa wuƙa ya yanka da kansa, ba a taɓa yin wata magana a kai ba. Kwano ɗaya nake ci da babban ɗan Kawu, tsarana, wanda yake taubashina. Ba ya ganina bai tsokane ni ba. Yakan kama tafin hannuna ya nuna wa mutane ya ce su zo su ga biredi, ni kuma in ce masa ƙafarsa ta fi ƙarfin takalmi. Kawu kuwa "ɗan ƙanwata" yake ce mini, yakan kuma ce ɗan ƙanwa ba ya sallama a gidan kawunsa. Tun da na shiga makarantar kwana zuwana ya ragu, amma ban taɓa jin na yi nisa ba.

Abin da na ƙudura zan rubuta shi ne golmo, wato noman da saurayi kan yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Na san Kawu ya yi shi. Na ga ni da kaina ina tsaye gaban aji ina bayani, malama ta ajiye jan bironta don ta rasa inda za ta soka shi.

Wata Asabar cikin damina na hau kabu-kabu na tafi, da rigata mai aljihu shida da takalmi sau-ciki. Na tarar ana gayya a gonar Kawu. Maza wajen ashirin sun jeru, kowa da garmarsa, suna huɗa kunya-kunya, wani yana ba da waƙa da yarensu suna amsawa. Mata suna kai ruwa da kunu. Taubashina ya hango ni, ya ɗaga murya ya ce ga biredi ya zo da kansa, a kawo shayi. Aka kwashe da dariya. Ya fito daga layi ya ɗauko wata garma da ke jingine ya miƙo mini.

"Ga taka," ya ce. "Shiga kusa gare ni, in ka hwaɗi in ɗauke ka."

Na ɗaga masa littafina na ce, "Aiki na zo yi."

Ya dubi littafin, ya dubi garmar. Ya ajiye ta a bakin kunya ya koma layinsa. Ni kuma na nemi inuwar wata ɗorawa na share wuri na zauna.

Na rubuta abubuwa da yawa a ranar, kuma duk gaskiya ne. Na rubuta cewa akwai wani tsoho mai ciwon ƙafa da ba ya iya sunkuyawa, amma yana zaune a rana yana gyara ƙotar duk garmar da ta kwance. Na rubuta cewa wani mutum ya zo wucewa a kan keke, ya tsaya, ya karɓi garma ya huɗa kunya biyu, sannan ya hau kekensa ya yi gaba. A ƙarƙashin wannan na ja layi na sa, "Har mai wucewa yakan taɓa." Na ji daɗin maganar, na ga ta yi kama da ta masana.

Da aka huta na tare Kawu da tambayoyin da na tsara tun daga gida.

"Kawu, mece ce ma'anar golmo a al'adarku?"

Ya goge zufa ya ce, "Noma ne."

"Shekara nawa kuka yi kuna yi?"

"Har anka ba ni."

"To, me kuka ji a ranku lokacin da kuke yi?"

Ya dube ni ya ce, "Gajiya."

Na rufe littafin da ƙarfi. Na zo neman asiri an ba ni gajerun amsoshi uku. A raina na ce mutanen nan ba su san darajar abin da suke da shi ba. Ban lura ba cewa "al'adarku" na ce masa, ban ce "al'adarmu" ba.

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa a manyan kwanuka. Maza suka kewaye su biyar-biyar. Aka kira ni, na ce ina zuwa, don ina so in zana yadda suka zauna da wanda ya fara sa hannu. Kafin in gama zanen sun cinye. Matar Kawu ta zubo mini nawa a wani ƙaramin kwano mai murfi ta kawo mini gindin ɗorawa.

Zuwana na biyu gayyar ta koma gonar wani maƙwabcinsu. Ina isa na ga an ɗauko farar kujerar roba tun daga gida an kai ta inuwa. Da lokacin abinci ya yi, kwanon nan mai murfi ya zo, a kansa da cokali a naɗe cikin leda. Zuwana na uku Kawu ya tare ni da "Sannu da zuwa, Malam." Taubashina ya ba ni hannu biyu, ya tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya koma bakin aikinsa. Bai ambaci biredi ba. Na zauna a kujerata na harɗe ƙafa, na ci tuwo da cokali, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa mutanen nan suna girmama mai ilimi ƙwarai da gaske, tunda har kujera da cokali suka ba ni.

Na kai wa malama abin da na rubuta, shafi goma sha biyu, ina jiran yabo. Bayan kwana biyu ta kira ni ofishinta. A gefen maganar girmama mai ilimi ta rubuta tambayarta ta kullum, ta kuma ƙara wata a ƙarƙashi: "Wa kuma ake ba wa cokali a gidan?"

Na ce, "Malama, wannan fa dangina ne. Na san su tun ina yaro."

Ta ce, "Madalla. Yaya nauyin garmarsu?"

Na ce ban ɗauka ba.

"Idan mutum ya riga na kusa da shi kai ƙarshen kunya, tsayawa yake yi ko juyowa yake ya taya shi?"

Wannan ma ban sani ba, don daga gindin ɗorawa ba a hango ƙarshen kunya. Ta miƙo mini takardun ta ce saura zuwa ɗaya, in yi amfani da shi. Na fito ina huci. Na yi zuwa uku a kan hanyar da ruwa ya cinye, wasu ko ƙofar gari ba su fita ba, amma ni ne za a titsiye a kan cokali. Na rantse a raina cewa matar nan ta tsane ni ne kawai.

Da na isa gida na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na zauna na shiga zazzage mata haushina. Na ce ta ji wai malama tana tuhumar karamcin da 'yan uwanta suka yi mini, mutanen da suka kai mini kujera har gona, suka ba ni abinci a kwanona ni kaɗai, har da cokali.

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Cokali sunka ba ka?"

Na ce e.

"Kai kana ina sa'ad da ake noman?"

Na ce ina inuwa ina rubutu, ai aikin da ya kai ni ke nan.

Ta ajiye faifan a ƙasa. Inna ba mai faɗa ba ce, kuma ba ta yi faɗa ba a ranar. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ce tun tana yarinya cokali ɗaya ne a gidansu, yana cikin wani gwangwani a ɗakin uwarsu. Ana fito da shi ne idan malamin allura ya zo, ko malamin haraji, ko wani daga gwamnati, mutanen da ake so su ci su tashi lafiya. Ta ce a gonar gayya mutum biyu ne ke zama a inuwa, majinyaci da baƙo.

"Kai kuwa lahiyarka lau," ta ce. "Sun dube ka sau ɗaya, sun dube ka sau biyu, sunka gane wanda kake so ka zama. Ba su zage ka ba. Sun ba ka abin da ka roƙa."

Na ce ai ba da wata manufa na yi ba, makaranta ce ta sa ni.

Ta ce da za ta yi aure ta bar coci, mutanen garinsu sun ce shi ke nan, 'ya'yanta ba za su san hanyar gida ba. Kawu ne kaɗai ya ce ƙarya ne. Shi ya sa duk hutu take tura ni, ko mahaifina yana so ko ba ya so, don in ci kwano ɗaya da ɗan yayanta kowa ya gani. "Shekara ashirin ina wanga aiki," ta ce. "Kai Asabar ukku ta ishe ka." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsintar wake, ba ta sake dubana ba.

Kunya ta kama ni, haushi kuma ya ƙaru, na rasa wanda zan ɗora wa. Ashe duk wannan lokaci kallon kitse nake yi wa rogo. Na buɗe littafina don in ga inda malama ta ɓatar da ni, sai na ci karo da shafi na biyu, da kuma layin nan da na ja a ƙarƙashin mai keke. Duk abin da ya kamata in sani na riga na rubuta shi da hannuna.

Asabar ta huɗu na bar rigar mai aljihu shida a rataye, na bar littafin a gida, na sa tsohon wando. Na isa da sassafe, a gonar wani dattijo ake aikin ranar, dawa ta kai gwiwa. Na ga kujerar tana jirana a inuwa. Na wuce ta na ɗauki garma.

Kawu ya taso da sauri ya ce, "Malam, aje ta. Za ka ji ciwo."

Na ce, "Kawu, ku bar ni in yi. Ni ne fa, ɗan ƙanwarku."

Ya ce, "Na sani." Ya juya ya koma bakin aikinsa.

Na shiga layi kusa da taubashina. Garmar ta fi yadda nake zato nauyi nesa ba kusa ba. Kafin in kai rabin kunya tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe, bayana ya riƙe, na kuma sare dawa uku da ba su ji ba su gani ba. Na ɗaga kai ina jiran dariya. Da a da ne, da taubashina ya samu abin tsokanata na shekara guda, da ya kira mata su zo su ga yadda biredi ke noma. Ba wanda ya yi dariya. Ya kai ƙarshen kunyarsa, ya juyo ya kama tawa daga can ya taro ni, ya gyara inda na ɓata, ya ce, "Sannu da ƙoƙari." A nan na samu amsar tambayar malama a kan ƙarshen kunya, kuma ban ji daɗin samunta ba.

Da aka kawo abinci matar Kawu ta nufo ni da kwanon nan da cokalinsa. Na karɓa na yi godiya, na ajiye shi gefe, na je na tsuguna a kwanon su taubashina na sa hannu. Suka matsa mini. Sun matsa fiye da yadda mutum ɗaya yake bukata. Hirar da suke yi da yarensu ta tsaya, suka koma Hausa saboda ni, suka rage loma, suka turo mini naman gabana. Na ci, yaji yana shiga inda hannuna ya fashe, ina jin kamar in yi kuka don takaici.

Abin da na rubuta wa malama ke nan a ƙarshe. Na watsar da golmo, na rubuta kujera da kwano da cokali, shafi biyar kacal. Ta ba ni maki na tsaka-tsaki, wanda bai kai na mai rubutu a kan 'yan kabu-kabu ba. A ƙarshen takardar ta sa kalmomi uku da jan bironta: "Yanzu ka fara." Na daɗe ina jin zafin wannan. Na shiga kwas ɗin ina so a san ni a rediyo, na fito da makin da ba a nuna wa kowa, kuma Kawu yana ce mini Malam. Har yau idan na tuna ina jin haushinta, ko da yake na san ta faɗa mana tun mako na uku. Ina ganin da ta buga tebur lokacin da take faɗa, wataƙila da na ji.

Yanzu ni malamin gona ne da gaske, aikina ne in shiga ƙauyuka. Duk gonar da na tarar ana aiki sai na karɓi garma na yi ko da kunya ɗaya kafin in buɗe baki, manoma har mamaki suke yi. Manga kuwa ina zuwa duk damina, ina shiga layi, hannuna ya daina fashewa. Taubashina yakan ɗan taɓa ni da wasa jefi-jefi, amma sai ya duba fuskata tukuna. Kawu ya tsufa, ya daina sunkuyawa, shi ne yanzu yake zama yana gyara ƙota. Inna ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya.

Daminar bara na je na wuni muna huɗa, muka dawo gida tare da yamma, ƙafafuna duk laka kamar na kowa. Na zauna a ƙasa kusa da Kawu ina jin na gama biya. Matar Kawu ta fito da tuwo, ta dube ni da fara'a, sannan ta juya ta yi wa surukarta magana a cikin ɗaki.

"Ɗauko cokalin Malam," ta ce.

A da cokalin na malamin allura ne da malamin haraji. Yanzu sunana yake amsawa. Aka kawo shi a naɗe cikin leda, na sa hannu biyu na karɓa.